Kafin Windows ya farka: katin rezo na kwamfutar kwaikwayo da tashi ta waya

Ɗakin kwamfuta a Maradi, na makaranta ne ko na siber ko na cibiyar koyar da sana'a, da wuya ka tarar da injinansa tsara guda. Yawancinsu na hannu ne, wasu sun shigo ta Katsina da Kano, wasu sun biyo hanyar Kwatano, kowace da shekarunta da halinta. Mai kula da irin wannan ɗaki ya san abin da ake nufi da kile guda da kwamfuta talatin: a soka nan, a jira, a zare, a soka can, kafin a gama zagaye wuta ta ɗauke an koma farko. Maganin wannan wahala tsoho ne. Ana ajiye tsarin da za a girka a kan saba guda, sauran injinan su tashi ta wayar rezo su ɗauko daga can, ba kile ba faifai. Sai dai ba wanda zai yi gwaji a kan injinan da ɗalibai za su zauna a kansu gobe da safe, shi ya sa ake fara gwadawa da kwamfutar kwaikwayo, wadda ake ƙirƙira a cikin wata kwamfuta da manhajoji irin su QEMU ko VirtualBox ko danginsu. To, gwajin nan yakan yi ƙarya ta fuska biyu. Wani lokaci ya ƙi tashi alhali sabar lafiya lau take, wani lokaci ya tashi sumul, a je kan injinan gaske su ce ba su san zancen ba.

Dalilin shi ne abin da muke kira katin rezo a kwamfutar kwaikwayo abu uku ne da aka ɗaure wuri guda. Akwai irin katin da baƙuwa, wato kwamfutar kwaikwayon, take gani, akwai inda wayar katin ta nufa a wajen mai masauki, wato injin gaske da ke ɗauke da ita, akwai kuma ƴar manhajar da ke maƙale da katin wadda take magana tun kafin Windows ko Linux ya farka. Kowane daga cikin ukun ana saita shi daban, kuma kowane yana iya lalata aikin shi kaɗai.

Mu fara da katin. QEMU, wanda Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003, yana iya kwaikwayon katuna na gaske da aka taɓa sayarwa a kasuwa. Wanda ake kira e1000 kwaikwayon Intel 82540EM ne, e1000e na Intel 82574L ne, akwai kuma rtl8139 na Realtek, tsohon kati mai gudun megabit 100. Amfaninsu shi ne kusan kowane tsari ya zo da direbansu a ciki, ba sai an nema ba. Tsadarsu kuwa nauyi. Direban baƙuwa yana zaton ƙarfe na gaske yake taɓawa, don haka duk lokacin da ya rubuta wani abu a rajistar katin, sai aikin baƙuwa ya tsaya, a fita wajen mai masauki, ya yi abin da ƙarfen zai yi, sannan a dawo. A kan fakiti ɗaya ana iya yin wannan shiga da fita sau da dama. A tsohuwar laftof mai ƙaramin ƙarfi, cikin zafin watan Afrilu, za ka ji fanka tana ba da labari.

Katin virtio ya bi wata hanya. Ba ya kwaikwayon kowane ƙarfe. Baƙuwa ta san ita baƙuwa ce, sai ita da mai masauki su ware wani yanki na ƙwaƙwalwar aiki da dukansu ke gani, ɗaya ya jera fakitoci a layi, ɗaya ya kwashe su da yawa lokaci guda. Rusty Russell ne ya assasa tsarin, daga baya ƙungiyar OASIS ta mayar da shi ƙa'ida. Linux ya daɗe da direbansa. Windows kuwa ba ya zuwa da shi, sai an kawo daga faifan virtio-win.

A nan ne tarkon farko yake, kuma ya fi kowane kama mutane. Kati guda ne, amma direbobi daban daban ne ke karɓarsa bi da bi. Da farko manhajar tashi ce ke tuƙa shi da nata direban. Tana gama sauko da tsarin ta miƙa masa, sai ta janye gaba ɗaya, tsarin ya nemi katin da nasa direban. Saboda haka baƙuwa mai virtio za ta karɓi adireshi, ta sauko da WinPE, ƙaramin Windows ɗin da ake girki da shi, komai daidai, sannan allon ya buɗe babu rezo ko alama. Mutum ya koma yana tonon sabar, alhali WinPE ne bai san katin ba. Ra'ayina a nan a fili yake: idan ana gwajin girka Windows ne domin injinan gaske, a sa e1000 ko e1000e, domin injinan ɗakin ma katin Intel ko Realtek ne a cikinsu. Virtio na sabar da za ta zauna tana aiki ne, inda gudu yake da daraja.

Lambar MAC, wato lambar shaidar kowane katin rezo, ma tana da nata tarkon. QEMU yana amfani da lambobi masu farawa da 52:54:00, kuma idan aka kunna shi da hannu ba a faɗi lamba ba, 52:54:00:12:34:56 zai bayar. Kunna baƙi biyu haka a rezo ɗaya, sai su zama masu suna ɗaya a aji ɗaya: sabar DHCP, mai raba adireshi a rezo, ta ba su adireshi guda, siwic ya rasa ƙofar da zai tura saƙo, rezo ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. VirtualBox da 08:00:27 yake farawa, Hyper-V da 00:15:5D, VMware da 00:50:56 ko 00:0C:29. Sanin waɗannan yana da amfani, domin da kallon rajistar saba kawai za ka bambance baƙuwa da injin gaske, har ma ka sa sabar ta ba kowane rukuni fayil ɗinsa.

Sai inda wayar ta nufa. Idan ba ka zaɓi komai ba, QEMU yana haɗa baƙuwa da wani ƙaramin rezo na kansa da ake kira user. A cikinsa baƙuwa takan samu 10.0.2.15, ƙofar fita 10.0.2.2, mai fassara sunaye 10.0.2.3. Yana da DHCP nasa, yana da TFTP nasa, wato hanyar sauko da fayil ɗin tashi, kana iya nuna masa babban fayil da tftp= da sunan fayil ɗin tashi da bootfile=, cikin minti biyu ka ga baƙuwa ta tashi. Abin yana da daɗi, yana kuma da kyau wajen gwada ko fayil ɗin tashi kansa lafiyayye ne. Amma bai gwada sabarka ba ko kaɗan, domin kiran da baƙuwa ta yi bai fita daga cikin QEMU ba. NAT na VirtualBox ma haka yake. Rezon da libvirt, manhajar da ke kula da baƙi a Linux, yake kafawa da kansa, virbr0 mai adireshin 192.168.122.0, ya ɗan fi kusa da gaskiya tun da dnsmasq, manhajar DHCP ta gaske, ce ke amsawa, amma shi ma a bayan katanga yake. Wanda yake son baƙuwa ta ji sabar ɗakin, dole ya yi gada, wato ya haɗa katin baƙuwa da katin waya na mai masauki, ta zama kamar wata kwamfuta ce aka soka a siwic.

Kuma a lura, katin waya na ce. Yawancin matasan da ke koyon wannan aiki a garin nan, har da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da laftof suke aiki, intanet ɗinsu kuwa daga wayar hannu aka raba ko daga ƙaramar rawuta mai kati. Gada a kan Wi-Fi ba ta tafiya yadda ake so. A ƙa'idar Wi-Fi ta yau da kullum, na'urar da ke rabawa tana karɓar saƙo ne daga lambar MAC ɗin da ta yi rajista da ita kawai, saƙon baƙuwa kuwa da wata lamba yake fitowa, sai a yar da shi. Linux ma ƙin saka katin Wi-Fi cikin gada yake yi kai tsaye. VirtualBox yana wata dabara ta musanya lambar a hanya, takan yi aiki wajen shiga intanet, amma ban ba kowa shawarar ya dogara da ita wajen gwajin tashi ta rezo ba. Wanda ba shi da siwic da waya, gara ya kafa rufaffen rezo a cikin laftof ɗin, baƙuwa ɗaya ta zama saba, sauran su tashi daga gare ta. Wannan ya fi tsabta, ba ya cin forfe, ba ya kuma taɓa rezon kowa.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi duhu. Kwamfutar da ba ta da komai a faifanta, wa ya koya mata neman adireshi da sauko da fayil? A injinan gaske na da, katin rezo yana ɗauke da ƙaramin guntun ajiya mai suna ROM, BIOS, manhajar tushen da ke fara farkawa a injin, ya karanta shi lokacin kunnawa ya ba shi dama ya yi aiki. Intel ne ya tsara ƙa'idar abin da wannan manhaja za ta yi, ya kira ta PXE, kuma bugu na 2.1 na 1999 shi ne har yau ake bi. QEMU yana kwaikwayon wannan ma. Kowane irin kati yana da fayil ɗin ROM nasa, kamar efi-e1000.rom da efi-virtio.rom, kuma abin da ke ciki iPXE ne, manhaja ta kyauta da ta samo asali daga Etherboot, ta bi ta gPXE, Michael Brown ya ware ta da wannan suna a 2010. Ana iya musanya ROM ɗin da romfile=, ana iya barin wurin fanko a cire shi gaba ɗaya. A libvirt, layin rom a ƙarƙashin bayanin katin ne ke yin wannan aiki.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne iPXE ya fi PXE na injinan gaske wayo nesa ba kusa ba. Ya iya HTTP, ya iya iSCSI, yana karanta rubutun umarni, idan ka danna Ctrl da B lokacin tashi zai ba ka layin da za ka buga dhcp ko ifstat ka ga halin da katin yake ciki. Tsohuwar kwamfutar Dell OptiPlex da ke ɗakinka ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, DHCP da TFTP kawai ta sani. Don haka idan ka sa sabar tana ba da adireshin HTTP a matsayin fayil ɗin tashi, baƙuwa za ta karɓa da murna, injin gaske ya tsaya yana kallonka.

Sannan baƙuwar kanta da wace manhajar tushe ta farka? QEMU da SeaBIOS yake zuwa, wato BIOS irin na da. Idan ana son UEFI, sabon tsarin da ya gaji BIOS, sai a ɗora OVMF, wanda aka gina daga EDK II na TianoCore, kuma shi yana da nasa PXE ɗin da nasa direban virtio, ba lallai ya bi ta iPXE ba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin fayil ɗin da BIOS yake iya kunnawa, irin pxelinux.0 ko undionly.kpxe, UEFI ba ya iya kunna shi, shi kuma ipxe.efi ko snponly.efi ba ya aiki a BIOS. Ɗakin da injinansa suka haɗa tsofaffi da sababbi dole sabar ta san wa ke tambaya. Ƙa'idar ta tanadi hanya: cikin kiran DHCP, injin yana sa kalmar PXEClient a zaɓi na 60, yana kuma faɗin irinsa a zaɓi na 93. Lamba 0 BIOS ne, 7 UEFI ne mai bit 64, wasu injinan kan ce 9, 6 kuwa UEFI mai bit 32. Da wannan lambar saba take zaɓen sunan fayil ɗin da za ta mayar. Intel ya sanar da daina goyon bayan tashi irin na BIOS daga 2020, saboda haka duk injin na hannu da zai shigo kasuwa nan gaba, UEFI zalla za a fi samu, tsofaffin kuma ba yau za su bar ɗakunanmu ba. Gwajin da bai ƙunshi baƙuwa biyu ba, ɗaya da SeaBIOS ɗaya da OVMF, rabin gwaji ne.

Akwai wani sabon abu game da OVMF da ya rikita masu aiki da yawa. A Janairun 2024 kamfanin Quarkslab ya bayyana raunuka 9 a ɓangaren rezo na EDK II, aka kira su PixieFail. Cikin gyaran da aka yi, ɓangaren rezo ya koma buƙatar mai samar da lambobin da ba a iya hasashensu kafin ya yarda ya tashi. Sakamakon haka, baƙuwar da aka ba tsohon nau'in furosesa maras wannan fasaha, ba a kuma haɗa mata virtio-rng mai samar da irin lambobin ba, sai zaɓin tashi ta rezo ya ɓace daga jerin gaba ɗaya, ba tare da wani saƙon kuskure ba. Katin lafiya, gada lafiya, saba lafiya. Ƙara na'urar virtio-rng ko ba baƙuwa nau'in furosesan mai masauki shi ne maganin.

Batun DHCP yana da wani gefe da ya shafi zaman lafiya da maƙwabta. Kusan kowane ɗaki yana da rawuta da ke raba adireshi. Idan ka yi gada ka kunna taka sabar DHCP a rezo ɗaya, an samu masu rabo biyu, kowace kwamfuta ta karɓi na wanda ya riga amsawa, nan da nan ofishin da ke gefe ya rasa intanet bai san dalili ba. Yawancin ƙananan rawutoci kuma ba su da wurin saka zaɓi na 66 da 67, wato sunan sabar TFTP da sunan fayil. Mafita ita ce abin da ƙa'idar PXE ta kira proxyDHCP: rawuta ta ci gaba da ba da adireshi, taka sabar ta ƙara bayanin tashi kawai, ga masu kiran PXE kawai, tana amfani da ƙofa ta 67 da ta 4011. A dnsmasq kalmar proxy ce ake ƙarawa a layin dhcp-range. Wannan sauƙi yana nuna wani abu mai ban tsoro kuma: PXE ba ya tambayar wa ya aiko, duk wanda ya soka waya a siwic yana iya ciyar da injinan abin da ya ga dama. A siber da kowa ke shiga, injin da ba ya buƙatar tashi ta rezo kullum a kashe masa shi a BIOS, a sa kalmar sirri.

TFTP kuwa, a yi amfani da shi kaɗan a wuce. Ƙa'idarsa ta 1992 tana aika fayil guntu guntu, bait 512 kowane, kuma ba a tura na gaba sai an ji amsar na baya. Ɗauki fayil mai megabait 500: guntaye sama da miliyan guda ke nan. Ko da kowane zuwa da dawowa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, an doshi minti 17 a kan injin ɗaya, ga sauran suna layi. An ƙara masa gyare-gyare daga baya, na girman guntu da na tura da yawa kafin amsa, amma ba kowane ROM ne ya san su ba. Yana kuma da halin fara magana a ƙofa ta 69 sannan ya koma wata ƙofa daban, abin da ke sa katangar tsaron saba ta bar buƙata ta shiga ta hana fayil fita. Dabarar da ta zama jiki ita ce a bar TFTP ya kawo iPXE kawai, ƙaramin fayil ne, shi kuma iPXE ya ɗauko manyan kaya ta HTTP.

Dabarar tana da nata rami. iPXE yana tashi sai ya sake kiran DHCP, saba ta ga mai tambaya ta sake ba shi iPXE, ya kunna kansa, ya sake tambaya, haka har wuta ta ɗauke. Ana karya zagayen da zaɓi na 77, inda iPXE yake rubuta sunansa: saba ta duba, in ta ga sunan ta ba da rubutun umarni, in ba ta gani ba ta ba da iPXE. Ko kuma a gina iPXE da umarnin a cikinsa. Ka ga inda baƙuwar QEMU mai SeaBIOS take yaudara: tun daga ROM ɗinta iPXE ce, don haka tana tsallake matakin farko ɗungurungum, ba za ka taɓa sanin ko undionly.kpxe naka yana aiki ba sai ran da ka kunna injin gaske. VirtualBox ma iPXE yake zuwa da shi, ROM ɗin PXE na Intel a cikin Extension Pack yake. Hyper-V na ƙarni na 1 ba ya tashi ta rezo sai da tsohon katin da ya kira Legacy, na ƙarni na 2 kuwa UEFI ne zalla.

Akwai netboot.xyz, jerin tsare-tsare da ake kunnawa ta iPXE, wanda masu koyarwa a bidiyo suke yabo. Yana da kyau, amma daga intanet yake sauko da komai, kowane tashi da nasa saukewar. Ga mai sayen forfe da jikkunansa wannan asara ce. A sauko da faifan tsarin sau ɗaya, a ajiye a sabar HTTP ta cikin ɗaki. FOG da Clonezilla, manhajojin kwafe tsari zuwa injina da yawa, duk suna aiki haka, ba sa buƙatar fita waje.

Secure Boot zan taɓa shi a gurguje. Idan yana kunne, UEFI ba ya kunna fayil ɗin da ba shi da sa hannun da ya yarda da shi, kuma iPXE ɗin da ka gina da kanka ba shi da shi. Ko a kashe shi a injinan ɗakin, ko a bi ta shim da GRUB masu sa hannu da manyan rabe-raben Linux ke bayarwa. Windows 11 yana son injin da ke iya Secure Boot, saboda haka a gwada da OVMF mai shi a kunne kafin a yanke shawara.

Jerin tashi ma yana cizo. Idan katin rezo ne na farko a bootindex kuma saba tana girki ba tare da tambaya ba, baƙuwa za ta gama girki, ta sake kunnawa, ta koma rezo, ta goge abin da ta girka. A baƙuwa abin dariya ne, a injin sakatariya mai takardun jarrabawa ba dariya. A sa faifai farko, rezo na biyu: faifan da ba komai a kansa zai wuce da kansa zuwa rezo, wanda aka girka kuma ya tashi daga faifai.

Ko an daidaita duk waɗannan, akwai abin da baƙuwa ba za ta nuna ba. Babban siwic mai STP, tsarin da ke hana saƙo zagaye a rezo, yana riƙe ƙofa kusan daƙiƙa 30 bayan an kunna injin, 15 yana saurare 15 yana koyo, kuma wani ROM ɗin yakan gaji da kiran DHCP kafin ƙofar ta buɗe. Baƙuwa ba ta ganin wannan domin ƙofar mai masaukinta tuni a buɗe take. Wayar da aka matse kanta da filaya, mai sa gigabit ya faɗo zuwa megabit 100, ita ma ba ta cikin kwaikwayo. Idan injin gaske ya ƙi, a kunna tcpdump, mai nuna fakitocin da ke wucewa, a kan saba ana sauraren ƙofofi 67, 68, 69 da 4011. In ba a ga kira ba ko ɗaya, matsalar tana waya ko siwic ko saitin BIOS. In an ga kira ba amsa, DHCP ne. In an ga amsa kuma an nemi fayil amma bai fita ba, a duba sunan fayil ɗin harafi da harafi, babba da ƙarami, sannan a duba katangar tsaron saba.